Lambar da ta ƙi rabuwa: yaya aka tabbatar?

Tambaya: Malam, na ji an gano wata lamba mai tsawon gaske wadda ba ta rabuwa sai da 1 da ita kanta. Wa ya zauna ya gwada raba ta? Kuma ita ce ta ƙarshe? Daga wani ɗalibin sakandare a Zariya.

Amsa: Ɗana, Allah ya ƙara basira. Lambar da ka ji labarinta, Luke Durant ne na birnin San Jose a Amurka ya gano ta a watan Oktoba 2024, a ƙarƙashin shirin GIMPS, inda masu sa kai ke haɗa ƙarfin kwamfutocinsu tun 1996. Ana samunta ne idan aka jera 2 har guda 136,279,841, aka ninka su da juna, sannan aka cire 1. Alƙalumanta 41,024,320 ne. Irin waɗannan ana kiransu lambobin Mersenne, da sunan wani malamin coci na Faransa da ya rasu a 1648, kuma wannan ce ta 52 da aka sani ba ta rabuwa. Ba kowace mai wannan siffa ce ke tsira ba: 2047 ma haka take, amma 23 sau 89 ce.

Babu wanda ya bi ta da rabawa ɗaya bayan ɗaya, domin ko kwamfutocin duniya sun taru ba za su gama ba. Akwai gajeriyar hanya, gwajin Lucas da Lehmer, kuma a ganina nan ne daɗin lissafin yake. Mu gwada da 31, wato 2 guda biyar da aka ninka aka cire 1. Fara da 4. Ninka ta da kanta, ka cire 2, ka sami 14. Maimaita da 14, ka sami 194. Raba da 31, saura 8. Maimaita da 8, ka sami 62. Raba da 31, babu saura. Ƙa'idar ita ce a rage 2 daga adadin biyu-biyun da aka jera, a yi zagaye daidai da abin da ya rage. Idan aka ƙare ba saura, lambar ba ta rabuwa. Wannan aikin ne kwamfuta ta yi wa babbar lambar, zagaye sama da miliyan 136.

Ta ƙarshe kuwa, a'a. Fiye da shekaru 2,000 da suka wuce masanin lissafi Euclid ya nuna cewa lambobin da ba sa rabuwa ba su da iyaka: ninka duk waɗanda ka sani, ka ƙara 1, babu ɗayansu da za ta raba sakamakon, don haka dole akwai wata da ba ta cikin jerinka.

Ɗauki biro ka gwada 127 da kanka. Zagaye biyar za ka yi.