Sakamako Ya Fito: Abin Da Za Ka Yi Kafin Mako Ya Ƙare

A watan Satumba na 2025, da hukumar NECO ta saki sakamako, Kano ce ta fi kowace jiha yawan ɗaliban da suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi: mutum 68,159, Legas na biye da 67,007. An yi murna, kuma ta dace. Sai dai kai ƙanena da ka gama sakandare a Ƙaraye ko Rogo, wannan adadi ba zai ba ka gurbin karatu ba. Takardarka ce za ta ba ka, kuma yadda ka tafiyar da ita a makonnin farko shi ne kan raba wanda ya wuce da wanda ya yi shekara a zaune. Ke ma ƙanwata, da ke nake.

1. Duba da idonka, ka buga a takarda.
Kada ka tsaya ga hoton da aboki ya turo ta WhatsApp. Na NECO sai da token da ake saya a shafin hukumar. Na WAEC, lambobin dubawa suna jikin katin shaidar da aka ba ka lokacin jarrabawa. Kowanne yana da iyakar sau nawa za a yi amfani da shi, don haka kada ka yi ta buɗewa kana nuna wa mutane. Je kafe sau ɗaya, a buga maka kwafi da yawa, ka kuma adana hotonsa a imel ɗinka.

2. Ƙirga kiredit daidai.
Daga A1 zuwa C6 kiredit ne. D7 da E8 wucewa ce kawai, jami'a ba ta ƙirga su. F9 faɗuwa ce.

Amma yawan kiredit kaɗai ba ya isa, sai ka duba a waɗanne darussa ka samu. Mai son aikin likita yana buƙatar Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, kuma jami'o'i da dama suna so a ce duk a zama ɗaya aka samu. Mai son Injiniya ba zai tsallake Fiziks da Kemistiri ba. Mai son Lauya ya duba Adabin Turanci. Sau da yawa za ka ga yaro da kiredit takwas ana ta yi masa barka, alhali D7 ɗin da ya samu a Kemistiri ya rufe masa kwas ɗin da yake so. Buɗe littafin sharuɗɗa na JAMB a intanet, nemo kwas ɗinka, ka ajiye takardarka kusa da shi, ka bi layi-layi.

3. Duba sunanka harafi-harafi.
A nan 'yan yankinmu suka fi shan wahala. A firamare an rubuta Muhammad, a NECO Mohammed, a katin NIN kuma an ƙara Rogo ko Ƙaraye a ƙarshe a matsayin sunan mahaifi. Ranar haihuwa ma haka: wata daban a makaranta, wata daban a NIN. Tun 2021 JAMB ba ta yin rajista sai da NIN, kuma daga can take ɗauko bayananka. Idan suna ya saɓa, ranar tantancewa a jami'a za a tsayar da kai, bayan ka riga ka kashe kuɗin mota da na fom.

Gobe da safe shimfiɗa takardun uku a tabarma: sakamako, NIN, da silif ɗin JAMB. In ka ga bambanci, kuskuren da ke kan sakamako ta hannun shugaban makarantarku ake kai ƙorafinsa, na NIN kuma ofishin NIMC. Gyara yana cin lokaci, don haka fara yanzu.

4. In an riƙe wani darasi, koma makaranta.
Wani lokaci za ka ga gurbin darasi babu maki, ko an rubuta cewa an riƙe. Je wurin malamin da ke kula da jarrabawa, da katinka a hannu. Makaranta ce ke da hurumin rubuta wa hukuma. Ka tambayi ranar da za ka dawo, ka kuma dawo ranar.

5. Ɗora sakamakonka a shafin JAMB.
In ka yi rajistar JAMB kana jiran sakamako, to har yanzu a wurinsu ba ka da shi. Sai ka je cibiyar da JAMB ta amince da ita, ko ofishinta, an ɗora maka. In ba haka ba, ko makinka ya kai 280 cikin 400, CAPS, tsarin JAMB na ba da gurbi, ba zai fitar da sunanka ba. Tafiyar Kano ko Zariya ta yini ɗaya ta fi asarar shekara. Kafin ka bar wurin, a nuna maka a allo cewa ya hau. Daga nan riƙa leƙa CAPS kowane mako, domin gurbin da aka ba ka sai ka danna ka karɓa.

6. In Turanci ko Lissafi ya kayar da kai, gyara a bana.
Kwana biyu na ɓacin rai sun isa. NECO da WAEC duk suna da jarrabawar 'yan waje, wadda aka fi sani da GCE, a ƙarshen shekara, kuma WAEC tana da wani zagaye a farkon shekara. Yawancin kwasa-kwasai suna karɓar sakamakon zama biyu, har ma a haɗa NECO da WAEC. Ka sani kuma sakamakon sakandare ba ya lalacewa, amma makin JAMB na shekara ɗaya ne.

Kuɗin fa? Sakamakon NECO yakan fito ne dab da kaka. Yi wa Baba magana tun kafin masara ta tafi kasuwa, ka gaya masa adadin da ranar rufe rajista, a ware. Mai aikin rake a Rogo, ko mai noman rani a bakin madatsar Challawa, ya riƙa cire wani abu kullum yana ba Inna ajiya.

Sannan nemi tambayoyin shekarun baya na darasin da ya kayar da kai. Sa agogo, amsa takarda guda cikin lokacinta, kai wa malami ya duba. Wannan ya fi karanta littafi daga bango zuwa bango.

7. Kada ka ba kowa kuɗin "gyara" sakamako.
Za a turo maka lamba, a ce akwai wani a hedikwatar NECO da ke Minna da zai mayar da F9 ta zama C4. Ƙarya ce. Ko dai ya cinye kuɗin, ko ya ba ka takardar bogi. Makarantu suna tantance sakamako daga hukumar da ta bayar, kuma ana korar ɗalibi ko ya kai ajin ƙarshe.

8. Faɗaɗa zaɓinka.
Kowa BUK yake so, shi ya sa layinta ya fi tsawo. Ɗan Rogo ya tuna ABU Zariya tana kusa da shi. Akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, Kwalejin Sa'adatu Rimi, Kano Poli, Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, da Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano ga wanda ya fito ta ɓangaren Arabiyya da sakamakon NBAIS. Makarantar share fage ta ABU da ke Funtuwa da shirin IJMB su ma hanyoyi ne. In kuɗin makaranta ke ba ka tsoro, bayan ka samu gurbi a makarantar gwamnati ka nemi bashin karatu na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024.

9. Ke kuma, ƙanwata.
In maganar aure ta taso, kada ki bar ta karatu a baki kawai. A yi ta a gaban iyaye tun kafin a sa rana, a ambaci makarantar da shekarar. Karɓi satifiket ɗinki na asali da hannunki idan ya iso makaranta, ki sa a leda, ki ajiye inda ruwa da gara ba za su kai ba.

In kuma kana da ƙane a aji biyar, gaya masa ya riƙe jarrabawar kwalifayin da gaske, domin da ita gwamnatin Kano ke zaɓar waɗanda za ta biya wa kuɗin NECO. Kai kuwa, yau da daddare tattara takardunka uku wuri ɗaya, ka nemi kuɗin mota, gobe ka fara da makarantarku.