Yadda ake shirya tafiyar kwana biyu a ƙaramin jirgi daga Mai Wurno

Garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana gaɓar yammacin kogin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, kuma wanda zai fita daga can ranar Juma'a ya komo Asabar, sai ya fara sanin halin ruwa kafin ya duba jirgi. Kogin ba ya cika ya janye kullum kamar teku. Damunar Habasha ce da ƙofofin madatsun ruwa suke juya shi. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan kan taso ja wur, ɗauke da laka da kututture, kuma mai hankali ba ya yawon shaƙatawa a lokacin. Lokacin da ya dace shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, take riƙe da ruwa, ga kuma iskar arewa tana kaɗawa.

Wannan iska ita ce ginshiƙin shirin, domin kogin arewa yake gangarawa, ita kuwa kudu take turawa. Saboda haka ana ɗaga shira'i, wato babban ƙyallen da ake ɗaurawa a sanda ya kama iska, a hau kogi ta wajen garin Sinja ranar farko, a bar gangara ga ranar komowa, ta yadda ko iska ta mutu, ruwa da filafilin tuƙi za su dawo da mutum gida. Wanda ya juya wannan tsari yakan kwana inda bai yi niyya ba.

Kafin tashi ana tambayar masunta ko ruwa yana ƙaruwa ko yana raguwa, tunda madatsar Rusairis ta 1966 tana sakin ruwa daga sama, ta Sinnar kuma tana janye shi zuwa gonakin Jazira, abin da ke fito da tudun yashi inda babu shi a makon jiya. Jirgin katakon bagaruwa ana barinsa cikin ruwa ya kumbura, a toshe tsagoginsa, a tanadi ƙwaryar kwarfa, gora, igiya, rigar ceto da jarkar ruwan sha, gama ruwan gaɓa mai kwanciya yana kawo tsargiya.

Da la'asar ake neman masauki kusa da ƙauye, a gai da dattawa, a nemi izininsu, sannan a ɗaure jirgi da igiya mai sassauci don kada ruwa ya janye da dare ya bar shi a laka. Shimfiɗa kuwa nesa da baki ake yin ta, saboda kada.