Darasin Kwamfuta: Yadda Rajistar Shafi Take Jawo Tarkacen Saƙo, da Yadda Za Mu Kare Kanmu

A wannan makon mun kawo muku darasi a kan wani abu da ya faru a gabanmu.

A zangon da ya wuce, malaminmu na kwamfuta ya yi wa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai rajistar sunan shafi a intanet. Da aka ba shi fom, sai ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da imel ɗin da yake amfani da shi kullum. Ba a yi sati ɗaya ba sai ga saƙonni suna ta shigowa. Wannan ya ce zai gina masa shafi da araha, wancan ya ce zai sa shafin ya fito a sahun farko a Google. Wani saƙon ma cewa ya yi sunan zai mutu nan da kwana biyu idan ba a biya ba. Saura kaɗan Malam ya tura kuɗin ƙungiya. Allah ya taimaka ya fara duba asusunsa a kamfanin da ya yi rajistar, ya ga ashe akwai sauran watanni da yawa. Sai muka tambaye shi, su waɗannan mutane a ina suka san shi? Amsar da muka samu ita ce darasinmu na yau.

MENE NE SUNAN SHAFI?

Shi ne adireshin da muke rubutawa idan za mu shiga wani shafi. Wasu suna ƙarewa da .com ko .org. Na Nijeriya suna ƙarewa da .ng, na Nijar da .ne, na Gana kuma da .gh. Ba a sayen sunan har abada. Haya ake yi, galibi shekara-shekara, kamar yadda ake kama shago a kasuwa.

Hukumar da take kula da tsarin sunayen a duniya ita ce ICANN, wadda aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya ta Amurka. A Nijeriya kuwa ƙungiyar NiRA ce take kula da .ng.

LITTAFIN DA KOWA KE IYA BUƊEWA

Duk wanda ya kama suna sai ya ba da bayanansa. Ana ajiye su a wani kundi mai suna WHOIS, wato “wane ne?” da Hausa. Kundin ya samo asali tun farkon shekarun 1980, lokacin da masu amfani da intanet ba su da yawa kuma kusan duk sun san juna. Amfaninsa shi ne idan shafi ya samu matsala a san wanda za a tuntuɓa.

Da jama'a suka yi yawa, sai masu mugun nufi suka gano cewa kundin a buɗe yake. Ba sa zama su kwafa da hannu. Manhaja suke sakawa tana bi tana tsince adireshin imel dubbai, musamman na sababbin sunaye, domin sun san sabon shiga bai gama sanin kan abin ba. Daga nan sai su sayar wa wasu, su ma su sayar gaba. A 2007 wani kwamitin tsaro na ICANN ya gwada abin. Sun yi rajistar sunaye da sababbin imel da ba wanda ya sani, suka zuba ido. Sai suka ga waɗanda aka bari a fili sun sha tarkacen saƙo, waɗanda aka kare kuwa kaɗan suka samu.

ABIN DA YA CANZA

A ranar 25 ga Mayu, 2018, dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai, wato GDPR, ta fara aiki. Saboda ita kamfanonin rajista da yawa suka daina nuna sunan mutum da imel ɗinsa a fili. A Nijeriya ma an sa hannu a kan Dokar Kare Bayanai a 2023. Sannan a Janairun 2025 ICANN ta koma wani sabon tsari mai suna RDAP a madadin tsohon na sunaye irin su .com.

Amma kada mu saki jiki. Sunayen ƙasashe kowace ƙasa da nata ƙa'idojin, kuma kamfanoni ba ɗaya suke ba. Bayan haka, imel ɗin da aka riga aka kwashe ya tafi ke nan, ba a iya dawo da shi.

MATAKAN KARIYA GUDA SHIDA

1. Mu nemi a ɓoye bayananmu tun ranar rajista. Kamfanoni da yawa suna da wannan tsari, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi. Sai su sa nasu adireshin a maimakon namu, idan saƙon gaske ya zo su miƙo mana. A nan ne Malam ya ce ya yi sakaci.

2. Mu buɗe imel na musamman don rajista kawai. Kada mu yi amfani da wanda muke hulɗa da banki ko wanda muka cike fom ɗin jarrabawa da shi.

3. Masu Gmail za su iya ƙara alamar tarawa da wata kalma bayan sunansu, misali suna+rajista, kafin alamar @. Saƙon zai shigo akwati ɗaya, amma za mu gane ta inda aka samo adireshin, mu kuma ware shi gefe.

4. Idan shafin na makaranta ne ko na ƙungiya, a sa sunan ƙungiyar da adireshin ofis. Kada a sa gidan malami, balle lambar ɗalibi.

5. Bayan rajista mu bincika da kanmu. ICANN tana da shafin dubawa kyauta. Mu rubuta sunan mu ga abin da duniya take gani a kanmu.

6. Idan saƙo ya zo yana cewa a biya yanzu-yanzu, kada mu danna komai a cikinsa, kuma kada mu mayar da amsa, domin amsa tana nuna musu cewa akwai mai karantawa. Mu kai shi akwatin shara, sannan mu shiga asusunmu na gaske mu duba ranar ƙarewa.

KUSKUREN DA ZA MU GUJE WA

Wani ɗan ajinmu ya ce, to me zai hana a rubuta sunan ƙarya da imel na bogi? Wannan dabara ce mai cutar da mai ita. Ƙa'idar ICANN ta ce dole bayanan su zama na gaskiya. Kamfani yana turo saƙon tabbatarwa, kuma idan kwana 15 suka wuce ba a amsa ba, za a iya dakatar da sunan. Ta wannan imel ɗin ne kuma ake tunatar da mutum lokacin sabuntawa. Idan bai gani ba sunan ya mutu, wani zai iya kama shi, duk wahalar da aka sha ta tashi a banza. Saboda haka imel na musamman ɗin nan ma a riƙa leƙa shi, ko da sau ɗaya a mako.

ME YA SHAFE MU?

Wata rana wani a cikinmu zai buɗe shafin ɗinki ko na sayar da takalma. Ko yanzu ma yayyenmu da iyayenmu suna yi, kuma sau da yawa mu ake miƙa wa waya a ce mu karanta saƙo. Idan mun san wannan darasi, za mu iya hana a cuci wani a gidanmu. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Shi dai Malam yanzu ya ɓoye bayanansa kuma ya canza imel ɗin rajistar. Ya ce tsohon akwatin har yanzu yana samun tarkace, amma sabon tsaf yake.

TAMBAYOYIN MAKO

1. Wace ƙungiya ce take kula da .ng?
2. Me ya sa bai kamata a sa bayanan ƙarya a rajista ba?
3. Kawo matakai uku na rage tarkacen saƙo.

A rubuta amsa a takarda tare da suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiya kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa sunayen waɗanda suka ci a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.