Darasi Kan Sayen Wagon Ta Hannu: A Soka Buhu Kafin A Biya

 Darasinmu na wannan fitowa ba kan gero ko dawa yake ba, kan mota ne. Dalili kuwa, abokan ciniki a Dawanau sun sha tare ni suna tambaya: wace mota ƙaramin ɗan kasuwa zai saya ta kai shi rumfa ta mayar da shi gida, ya fita da iyali ran hutu, ba ta cinye masa jari ba? Amsata ita ce wagon, wato doguwar motar nan mai rufi har baya da ƙofa ta biyar. Shan manta kusan ɗaya da na ƙaramar mota, ga wurin kaya in an kwantar da kujerun baya, kuma da yake ba ta da tsawon ƙafa irin na jif, ta fi zama daram a kwana.

Amma ka sani ya ɗan'uwa, kuɗin da ka ƙirga wa dillali ba shi ne kuɗin mota ba. Kuɗinta na gaskiya shi ne abin da za ta riƙa karɓa a hannunka kullum: mai, da kayan gyara, da ladan bakanike. Ni kaina na taɓa sayen wata don na ga fenti yana walƙiya, ashe ta gaji da haya tsakanin garuruwa. Kafin kaka ta zagayo na kashe mata ribar buhu da yawa, na sayar da ita a faɗuwa. Araha ba ta ado.

Fasali na farko: wace iri?

Dattawa sun san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara yin ta a Faransa a 1968, aka buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kaduna a 1975. Jaruma ce a hanyar ƙauye, sai dai ta tsufa kuma tana shan mai. Bayanta akwai Peugeot 406, wadda aka yi a Faransa daga 1995 zuwa 2004, mai laushin tafiya, da Volkswagen Golf 3, wadda wagon ɗinta ta fito a 1993. Ka lura, duk wadda ka gani a cikin waɗannan tsohuwa ce, ko 'yar Kwatano ce ko ta gida. Saboda haka kada suna ya ruɗe ka. Ka fara zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kuɗin kayanta, ka kuma tabbata akwai bakaniken da ya san ta kusa da kai. Motar da sai an aika Legas kafin a sami kayanta, ba ta ɗan kasuwa ba ce.

Fasali na biyu: awon mai

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, mai ne babban abin da mota ke ci. Ga misali a lissafa. Mota biyu, ɗaya tana shan lita 8 a kilomita 100, ɗaya lita 12. In kana tafiyar kilomita 40 kullum, kwana 26 a wata, ka yi kilomita 1,040. Bambancinsu wajen lita 42 ne a wata, kusan lita 500 a shekara. To, ka buga wannan da kuɗin lita na yau ka ga buhu nawa ke nan. Yadda ake awon kuwa da sauƙi: ka cika tanki, ka rubuta lambar mita, ka yi tafiya, ka sake cikawa, ka ga lita nawa ta karɓa. Ka nemi injin mai silinda huɗu, ka bar mai shida ga masu hali. Giyar hannu kuma ta fi otomatik sauƙin gyara a tsofaffin motoci.

Fasali na uku: dubawa

Mu masu hatsi ba ma sayen buhu don kyan bakinsa, sai mun soka ƙarfe a tsakiya mun ga ko da ƙwari ko tsakuwa. Haka za ka yi wa mota. Ka je da sassafe da bakanikenka, ba na mai sayarwa ba, injin yana da sanyi, domin injin da aka ɗumama yakan ɓoye ciwonsa. A tayar ka dubi salansa. Hayaƙi shuɗi alamar injin yana ƙona baƙin mai ne, baƙi alamar fetur ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ke shiga injin. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar damammiyar fura, ruwa ya haɗu da mai, ka kama gabanka. Ka tambayi yaushe aka canja taimin bel, domin a 406 in ya tsinke ana tafiya yakan lanƙwasa bawul, gyara ya zama babba.

Sannan ka koma baya, nan wagon ke shan wahala. In gindinta ya zauna alhali ba kaya, sifirin ya gaji. Ka danna ta ka saki, in ta yi ta lilo shokazoba ya mutu. Ka ɗaga shimfiɗar but ka duba tsatsa da walda. Ka bi jikinta da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa an cike wurin bayan haɗari. A gefen taya akwai lamba huɗu: in ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Ka guji motar da aka juya mata sitiyari daga dama zuwa hagu. A ƙarshe ka tuƙa ta da kanka, ka taka birki sosai ka ji ko tana ja gefe.

Fasali na huɗu: takardu

Lambar cesis harafi da lamba 17 ce. Ka gwada ta jikin mota da ta takarda ɗaya bayan ɗaya. Ka ga takardar kwastan ta asali da ta mallaka, a rubuta ciniki gaban shaidu biyu, a yanke la'adar dillali tun kafin a sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Fasali na biyar: bayan ta zama taka

Wagon ba akori-kura ba ce. Nauyin da irin waɗannan ke ɗauka bai wuce wajen rabin tan ba, har da mutanen ciki. In kai da yaronka kuna gaba, buhu uku masu kilo 100 sun ishe ta. Wanda ya loda mata takwas, kuɗin dakon da ya tsira da shi zai kai wa mai walda. Kuma kada ka zuba duk kuɗinka a saye, ka rage na baƙin mai da birki da taya na watan farko.

In ka kiyaye waɗannan, za ka sami motar da za ta kai ka kasuwa kwana shida, ran na bakwai ka zuba yara da tabarma da kwanon abinci ku tafi Tiga shan iska, ko ƙauye gaida tsofaffi, ba ka kwana kana lissafi ba. Allah ya ba da sa'a, ya kiyaye hanya. Haza wassalam.