Siyasar Gari da Ƙaurar Iyali: Abin da Ya Kamata Magidanci Ya Auna

Duk lokacin da aka yi wa ma'aikaci canjin wurin aiki, ko ɗan kasuwa ya yanke shawarar mayar da jarinsa wani gari, tambayar da ake kawo wa masana harkar tsaro da zamantakewa kusan iri ɗaya ce: wace jam'iyya ce ke mulki a can, kuma gwamnan "namu" ne ko "nasu"? Da zarar an ce gwamnan ɗan addininsu ne, ko ɗan jam'iyyar da suka zaɓa, sai hankalin magidanci ya kwanta, a kira motar kaya, a cire yara daga makaranta, wani lokaci har a sayar da gidan gado domin a sayi fili a sabon wuri. Wannan ma'auni ya yaɗu a majalisun hira da zaurukan WhatsApp har ya zama kamar ilimi tabbatacce, alhali kuwa shi ne mafi rauni cikin duk abin da za a iya auna gari da shi.

Abin da ake nufi da yanayin siyasar gari shi ne yadda ake rabon iko da amfani a cikinsa, wato wanda ake ba takarda da wanda ake hanawa, wanda filinsa ke tsira idan gwamnati ta sauya, da kuma abin da ke faruwa a kan titi idan aka yi jayayya kan zaɓe ko naɗin muƙami. Sunan jam'iyya mai mulki bai amsa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatin Kano ta fara rushe shaguna da gine-ginen da aka yi a filayen da ta ce gwamnatin Abdullahi Ganduje ta sayar ba bisa ƙa'ida ba, kuma mafi yawan waɗanda suka yi asara Kanawa ne, masu addini ɗaya da harshe ɗaya da gwamnonin biyu. A watan Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita sayar da fetur, duk da sunan yaƙi da 'yan bindiga, kuma iyalin da ya koma Gusau a lokacin domin "garin Musulmi ne" ya shafe makonni ba ya iya kiran danginsa. A ɗaya ɓangaren kuma, unguwar Sabo ta Ibadan ta kafu tun 1916, Hausawa sun haifi 'ya'ya da jikoki a cikinta ƙarƙashin shugabannin da ba su taɓa zama nasu ba. A cikin wannan gari na Ibadan, ƙarƙashin gwamna ɗaya, aka ƙone kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021 bayan wata 'yar hatsaniya ta rikiɗe ta zama faɗan ƙabilanci, yayin da sauran sassan birnin suka ci gaba da harkokinsu. Wanda ya tambayi sunan gwamna kaɗai ba zai taɓa gane bambancin Sabo da Shasha ba, kuma wannan bambancin ne ke shafar rayuwar 'ya'yansa.

Akwai wata jita-jita da ke tafiya tare da wancan ma'auni na sunan gwamna, wadda ke cewa garin da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa a labarai ba lafiya lau yake, garin da sunansa ya taɓa fitowa da rikici kuwa ba ya zaunuwa har abada. Duka biyun kuskure ne. Shirun gari yana iya zama sulhu na gaskiya, yana kuma iya zama sakamakon cewa mutane sun riga sun rabu, kowa ya koma cikin nasa. Kaduna ta nuna wannan a fili, domin bayan rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayun 2000, da na gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002, Musulmi da yawa sun tattara zuwa arewacin kogin Kaduna, irin su Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci da yawa kuma suka koma kudu, irin su Sabon Tasha da Narayi da Television. Miliyoyin mutane na zaune a birnin suna aiki da kasuwanci tare da rana, amma sabon zuwa da ya kama haya saboda arha ba tare da ya san wannan taswira ba yana iya tsintar kansa a gefen da babu wanda zai tsaya masa ranar da aka sa dokar hana fita.

Musabbabin waɗannan rikice-rikice ba ɓoyayye ba ne, kuma yawanci yana komawa ga tambayar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama a duk inda ya so a sashe na 41, ya hana nuna bambanci a sashe na 42, ya ba shi damar mallakar ƙasa ko gida a ko'ina a sashe na 43, amma shi kundin ya yi amfani da kalmar ɗan asalin jiha wajen naɗa ministoci ba tare da ya fayyace ma'anarta yadda za ta kashe gardama ba. Saboda haka ikon ya faɗa hannun ƙananan hukumomi, waɗanda su ke bayar da takardar shaidar asali da jama'a ke kira takardar indijin. A Jos ta Arewa, ƙaramar hukumar da aka ƙirƙira a 1991, gardama kan wanda ya cancanci wannan takarda da wanda zai shugabanci ƙaramar hukumar ita ce ta haifar da tarzomar Afrilun 1994 kan naɗin kantoma, da ta Satumban 2001 wadda ta biyo bayan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci, da ta Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukuma, inda ɗaruruwan mutane suka rasa rayukansu. Abin lura shi ne duka ukun sun taso ne daga muƙamin matakin ƙaramar hukuma, matakin da masu shirin ƙaura ba sa ko tambaya a kansa.

Don haka binciken magidanci ya kamata ya fara daga sakatariyar ƙaramar hukumar da zai zauna a cikinta. Yana buƙatar sanin ko yaron da aka haifa a can, ya girma a can, yana samun takardar indijin ko sai an tura shi garin kakanninsa, domin da ita ake neman tallafin karatu da shiga aikin soja da na 'yan sanda da guraben aikin tarayya, kuma jami'o'in jihohi da yawa suna cajin wanda ba ɗan jiha ba kuɗin makaranta mafi tsada. Ma'aikacin gwamnatin jiha kuma ya tuna cewa a 2011 gwamnatin Abiya ta sallami ma'aikatan da ba 'yan asalin jihar ba, cikinsu har da 'yan jihohin Ibo maƙwabta. Mai sana'ar hannu shi ma yana da nasa lissafin, tun da sana'a tana iya mutuwa da sanarwa guda: Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013, Legas ta hana shi a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, kuma dubban matasan Arewa da ke ciyar da iyali da babur suka wayi gari ba abin yi.

Gargaɗin da ya fi kowanne nauyi, wanda kuma aka fi yin biris da shi, ya shafi sayen fili. Kada magidanci ya sayar da gidansa na asali ya sayi fili ko gida a sabon gari kafin ya ga yadda garin ke kasancewa a lokacin zaɓe yana zaune a gidan haya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, shi ke sa hannu a takardar mallaka, shi kuma doka ta ba ikon soke ta idan ya ce bukatar jama'a ta taso, a Abuja kuwa ikon yana hannun ministan birnin tarayya, kuma waɗanda suka ga rusau na zamanin da Nasir El-Rufa'i ke riƙe da wannan muƙami, tsakanin 2003 da 2007, sun san abin da hakan ke nufi ga mai riƙe da takardar da ba ta da rajista. Takardar da mai unguwa ko dagaci ya sa wa hannu shaida ce ta ciniki, ba ta hana katafila. Bayan haɗarin gwamnati akwai na kasuwa, domin gidan da ke unguwar da rikici ya raba yakan faɗi warwas a farashi cikin mako guda, kuma mutanen Jos da Kaduna da yawa sun sayar da gidajensu a wulaƙance, ko suka yi musaya da wanda ke gudu zuwa ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka bar su kango. Mai haya yana asarar kuɗin 'yan watanni ya kwashe iyalinsa, mai gida kuwa yakan tsaya gadin bango har abin ya rutsa da shi. Hayar shekara ɗaya ko biyu, ko da ta yi tsada, ita ce mafi arhar hanyar sanin gari, kuma magidancin da ya ji kunyar a ce yana haya alhali yana da halin saye ya bar surutun mutane ya yanke masa hukuncin da ya shafi rayukan 'ya'yansa.

A nan dillalai suna da babban laifi, domin dillali yana cin la'adarsa ne ranar da aka biya kuɗi, kuma da wuya ya gaya wa baƙo cewa layin da yake nuna masa shi ne iyakar da matasan ɓangarori biyu ke haɗuwa. Ma'aikatu da bankuna da kamfanoni su ma suna tura ma'aikaci da takarda guda da wa'adin kama aiki, ba tare da ko shafi ɗaya na bayani kan unguwanni ba. Laifin gwamnatoci ya fi duka girma. An kafa kwamitin Mai Shari'a Fiberesima bayan rikicin Jos na 1994, da na Mai Shari'a Niki Tobi bayan na 2001, da na Bola Ajibola bayan na 2008, sannan kwamitin Sheikh Ahmed Lemu bayan tarzomar zaɓen Afrilun 2011 da ta ci rayuka sama da 800 a jihohin Arewa, amma kaɗan ne ƙwarai daga cikin masu hannu aka hukunta. Wannan ma wani ma'auni ne mai amfani ga mai shirin ƙaura: idan aka yi kisa a gari aka tashi ba wanda ya je kurkuku, ba wanda aka biya diyya, to waɗanda suka yi na farko suna nan, kuma sun koyi cewa babu abin da zai same su.

Hanyar binciken kanta ba ta bukatar digiri. Maigida ya riga iyalinsa zuwa, ya zauna makonni, ya yi sallah ko ibada a unguwar, ya yi hira da mai shayi da direban Keke Napep da shugaban makarantar da yaransa za su shiga, ya kuma nemi aƙalla mutum ɗaya da ba addininsu ɗaya ba, ba jam'iyyarsu ɗaya ba, domin ɗan'uwa yakan faɗi abin da zai faranta rai ne. Tambayar "lafiya garin?" ba ta da amfani, kowa zai ce lafiya lau. Tambayoyin da ke fito da gaskiya su ne yaushe aka sa dokar hana fita ta ƙarshe, kwana nawa ta yi, ina mutanen layin suka kwana a daren farko, kuma jami'an tsaro sun iso cikin sa'o'i ne ko sai da aka kwana. Ya bi hanyar gida zuwa makaranta da ta gida zuwa asibiti da ƙafarsa ko da abin hawansa, ya lura da mahaɗar da ake tarewa idan gari ya rikice, domin iyalai da yawa sun rasa mutum ne a hanya, yana ƙoƙarin ɗauko yaro. Ya kuma gano ko 'yan siyasar yankin suna riƙe da 'yan banga, irin 'yan daba a Kano ko ƙalare a Gombe ko sara-suka a Bauchi da Jos, da inda suke taruwa. Uwargida ita ma tana da haƙƙin ganin wurin kafin a yanke magana, tun da ita ce za ta wuni a unguwar lokacin da maigida ke wurin aiki, kuma matan maƙwabta sukan gaya mata abin da maza ke ɓoye wa juna.

Masu tsallaka iyaka suna da ƙarin nauyi, domin a can hatta izinin zama siyasa ce. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Ghana, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da abin da hannu zai iya ɗauka. Yaƙin da ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Janar Burhan da dakarun Hemedti ya biyo bayan takun-saƙar da aka daɗe ana gani a fili, amma ya rutsa da dubban ɗalibai da iyalai 'yan Nijeriya, sai da aka kwashe su ta iyakar Masar da Port Sudan. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya jawo rufe iyaka da yanke wutar lantarki daga Nijeriya, iyakar ba ta buɗe daga ɓangaren Nijeriya ba sai a Maris ɗin 2024. Fasfo mai sauran wa'adi ga kowane yaro, da kuɗin mota a hannu, da kwafin takardun makaranta a wurin wani ɗan'uwa a gida, wajibi ne ga irin wannan iyali.

Lokacin tashi ma abin lissafi ne. Ba a kwashe iyali zuwa garin da ake zaman ɗar-ɗar ana saura 'yan watanni zaɓe, kuma ba babban zaɓen ƙasa kaɗai ake dubawa ba, domin jihohi takwas, wato Kogi da Bayelsa da Imo da Edo da Ondo da Anambra da Ekiti da Osun, suna zaɓen gwamna a lokuta daban, zaɓen ƙananan hukumomi kuwa hukumar zaɓe ta kowace jiha ce ke sa ranarsa. Idan aiki ya tilasta tafiya a irin wannan lokaci, maigida ya tafi shi kaɗai, yara su ƙarasa zangon karatunsu a inda suke, a ɗauko su bayan an bayyana sakamako, an rantsar da wanda ya ci, an kuma ga yadda waɗanda suka faɗi suka karɓi abin.