Yadda Ɗalibin Digirin Digirgir ke Zuwa Jamus Zaman Bincike

Ɗalibin da ke nazarin ƙwayoyin cuta a Zariya ko Kano yakan kai wata gaɓa da aikinsa zai cije. Ga samfura a hannu, amma babu na'urar gwaji, ko kuma wutar da za ta riƙe firij ta ƙi tsayawa. Daga nan ake fara tunanin zuwa Jamus na 'yan watanni, a yi wani kashi na aikin a can, a dawo gida a kammala.

Kafin maganar kuɗi, sai an sami mai masauki. Ɗalibi zai nemo farfesan da aikinsa ya dace da nasa, ya karanta maƙalunsa sosai, sannan ya aika masa gajeren saƙo: ga abin da nake yi, ga inda na tsaya, ga abin da zan yi a ɗakin gwajinka. Masu tura saƙo iri ɗaya ga farfesoshi barkatai ba kasafai suke jin amsa ba, domin daga layin farko ake gane wanda bai yi karatun ba. Wasiƙar gayyatar da farfesan zai rubuto, a kanta sauran takardu za su rataya.

Da ita ake tunkarar DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus da aka kafa a 1925, mai hedikwata a Bon. Za ta buƙaci tsarin bincike da jadawalinsa, da shaidar malamin da ke duba aikin a gida. Amsa kan ɗauki watanni, don haka mai hankali tun ana saura shekara yake fara shiri. Zaman da ya wuce kwana 90 sai da bizar dogon zama da inshorar lafiya.

Akwai abin da ɗalibai ke mantawa sai a ƙurarren lokaci. Ba a cusa samfurin tsiro ko na jini a jaka a hau jirgi. Sai jami'o'in biyu sun sa hannu kan takardar miƙa samfur, ga kuma yarjejeniyar Nagoya da ta fara aiki a 2014 kan albarkatun halittu. Haka nan guzuri: Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigar da nama da kayan madara, saboda haka kilishi sai dai a cinye shi a gida.

Bayan sauka, wahalar farko ita ce ɗaki. Mai gida na iya karɓar kuɗin ajiya har na hayar wata uku. Cikin mako biyu da tarewa, doka ta ce a je ofishin gari a yi rajistar adireshi, riƙe da takardar shaida daga mai gidan. Ba a jimawa wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin za ta iso, Yuro 18.36 kowane wata, ko da akwatin ko babu.

A ɗakin gwaji ba a taɓa komai sai an yi horon kariya. Ana rubuta kowane gwaji a littafi da kwanan wata, kuma a taron mako ƙaramin ɗalibi kan ce wa farfesa bai yarda da lissafinsa ba, a ci gaba da shan kofi. Wanda ya taso da girmama malami yakan yi shiru a makonnin farko. Abin takaici, a can shirun nan ana iya ɗaukarsa rashin abin faɗa, alhali watannin ba su da yawa.

Sauran rayuwa a hankali ake koyonta. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi. Naman halal yana shagunan Turkawa da Larabawa, kuma a masallatansu baƙo ke samun Juma'a da abokan hira. A Disamba, wajen ƙarfe huɗu rana ta faɗi a Balin, har Azahar da La'asar da Magariba su kusa cin karo. A Yuni kuwa Isha'i sai dare ya raba. Amma duhun hunturun Disamba shi ya fi tayar da kewar gida.

Watan ƙarshe na tattara kaya ne: a kwafi sakamakon gwaji, a daidaita da farfesa kan sunayen da za su hau maƙala da jerinsu, a mayar da makulli, a koma ofishin gari a soke rajistar adireshi, sannan a sanar da masu karɓar kuɗin talabijin, in ba haka ba lissafi zai ci gaba da hauhawa bayan mutum ya koma Zariya.