Saitin jan ɗigo: na'urar da ke taimakon maharba idan ido ya fara tsufa

Da zarar mutum ya haura shekara 40, sai ya lura yana miƙa wayarsa nesa da fuska kafin ya iya karanta saƙo. Wannan lalura, wadda likitoci ke kira firesbiyofiya, tana zuwa ne saboda madubin da ke cikin ido yana ƙara tauri da shekaru, har ya kasa lanƙwasawa don ganin abu na kusa. Ga 'yan wasan harbi da 'yan sanda a Amurka da Turai, matsalar ta wuce karatu, domin tana taɓa saitin bindigar hannu kai tsaye.

Inda matsalar take

Saitin ƙarfe na gargajiya yana da ɓangare biyu: tsaga a bayan bindiga da ɗan tsinke a bakinta. Dole maharbi ya jera tsagar da tsinken da abin hari a layi ɗaya, alhali ido ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tangaran a lokaci guda. Shi ya sa ake koyar da cewa a kafa ido a kan tsinken gaba. To amma tsinken yana tsawon hannu ne kawai daga fuska, daidai yankin da tsohon ido ke gani dishi-dishi. In an sa tabarau na karatu, tsinken zai fito sarai, sai kuma abin harin ya dusashe. Wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, tunda maharbi na buƙatar tantance abin da ke gabansa kafin ya taɓa kunama.

Yadda na'urar ke aiki

Saitin jan ɗigo ɗan gilashi ne da ake ɗaurawa a saman bindiga. Wata 'yar fitilar LED tana haska gilashin, shi kuma, saboda lanƙwasarsa da shafin da aka yi masa, yana dawo da hasken zuwa ido a miƙe kamar daga nesa ya taho. Sakamakon haka ɗigon yana bayyana tamkar a jikin abin harin yake. Maharbi zai buɗe ido biyu, ya dubi nesa, ba sai idon ya yi aikin da ya daina iyawa ba. Ba leza ba ce: babu hasken da ke fita zuwa abin hari, maharbin kaɗai ke ganin ɗigon.

Dabarar ta daɗe. Howard Grubb, ɗan ƙasar Ailan mai ƙera madubin hangen taurari, ya yi rajistar irinta a 1900. Kamfanin Aimpoint na Suwidin ya fitar da mai fitilar LED a 1975, sannan a 1990 Jerry Barnhart ya lashe gasar ƙasa ta USPSA a Amurka da bindiga mai jan ɗigo. Ƙanana irin su Trijicon RMR na 2009 su suka sa abin ya yaɗu, har Glock ya fara sayar da samfurin MOS mai gurbin ɗaura na'urar.

Girman ɗigo

Ana auna shi da MOA. MOA 1 yana rufe kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Ke nan a mita 25, ɗigo mai MOA 3 zai rufe wajen santimita 2, mai MOA 6 kuma fiye da santimita 4. Ƙaramin ya fi dacewa da saiti mai tsanani, babban kuwa ya fi saurin kamuwa ga raunanan ido.

Abin da ba ta gyarawa

Mai astigimatizim, wato wanda fatar gaban idonsa ba ta lanƙwashe daidai ba, yakan ga ɗigon ya tarwatse kamar tauraro ko waƙafi. Gwajin mai sauƙi ne: a ɗauki hoton ɗigon da kyamarar waya. In ya fito zagayayye a hoto, laifin na ido ne, ba na na'ura ba. Rage hasken ko sa tabarau da likita ya auna yakan taimaka.

Batir na iya mutuwa, ruwan sama ko ƙura na iya toshe fitilar. Shi ya sa ake barin saitin ƙarfe a matsayin madadi, aka kuma ƙera rufaffu irin Aimpoint ACRO. Sabon shiga ma yakan sha wahalar gano ɗigon a cikin gilashi sai ya yi atisaye mai yawa.

A Najeriya, Dokar Makamai ta sa bindigar hannu cikin haramtattun makamai, don haka batun ya fi shafar jami'an tsaro. Amma darasin ido na kowa ne: na'ura tana zagaye firesbiyofiya, ba ta maganin yanar ido ko hawan jinin ido. Duk wanda ganinsa ya canja, asibitin ido ya kamata ya fara zuwa.